Ginshiƙin da Baba Ya Nuna Min

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Wanda ya gama ya ga zagi ya dace da ni, ba zan ce ya yi laifi ba, don ni ma na zagi kaina har na gaji. Amma shawara na zo nema, kuma kafin Juma'a mai zuwa nake bukatarta.

Ni injiniyan gini ne, ɗan Kano, shekarata shida a Dubai. Ranar da na sauka ƙasar nan ba ni da kowa sai lambar wani abokin yayana, da na kira shi kuma ya ce ai shi ya koma gida tun bara. Ya ce in nufi Deira, bakin ruwa, in nemi wani tsohon bene mai hawa biyar da koriyar ƙofa, in ce ina neman Baba Issaka. Haka na ja akwati cikin rana, gumi har cikin takalmi, ina tambaya har na isa. Baba Issaka shi ne mai gadin gidan, mutumin Gana ne daga Zangon Kumasi, ya haura shekara ashirin da biyar a bakin wannan ƙofa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka ci abinci?" Bai tambayi sunana ba sai da na suɗe kwano. Wata huɗu na yi a ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matattakala ina yawon neman aiki, ni a kan katifa shi a kan tabarma, don ya rantse min bayansa ba ya shiri da katifa. Ranar da na samu wuri na tashi, na dawo ɗaukar cajata da na manta, na tarar da shi ya miƙe a kan katifar yana minshari da tsakar rana.

Gidan kansa ba abin nunawa ba ne. Lifta ta mutu tun kafin in zo, iskar gishiri ta cinye fentin gaba, a ƙasa akwai masu kago biyu, wato masu aika wa mutane kaya gida, da mai turare da tela. Sama kuwa mutanenmu ne cike, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana. Idan ka hau rufin bene za ka ga abra, wato ƙananan kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane, da manyan jiragen katako ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa. A rufin nan muke haɗuwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kowa ya kawo abin da yake da shi, a haɗa tuwo da shinkafa da wake irin ta Gana a ci tare. Doka ɗaya ce a wurin: ba mai taɓa nama sai Baba. Shi yake rabawa da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar katako, kuma ban taɓa jin wani ya ce an ƙware shi ba. Likita da ɗan dako yanka ɗaya suke samu. Ko bayan na koma Abu Hail da zama ban taɓa fashin Juma'ar nan ba sai da dalili.

A shekarata ta biyu, wata Juma'a bayan an watse, Baba ya riƙo hannuna ya ce, "Injiniya, zo ka ga wani abu, amma tsakanina da kai ne." Ya ciro makulli daga wani gwangwanin madara da yake ɓoyewa a saman akwatin mita, ya buɗe ɗakin famfo da ke can ƙasa, bayan tankin ruwa. Akwai ginshiƙi a kusurwa, fes da shi, sabon fenti. Ya ƙwanƙwasa shi da makullin, sai na ji ƙarar wofi. Ya ɓare wani gefe da farce, ga rodi ya kumbura da tsatsa, ruwan gishiri ya daɗe yana cin sa daga ƙasa. Ashe shekara da shekaru Baba yana liƙe wurin da siminti yana shafe shi da fenti. Mai gidan wani dattijon Balarabe ne, shi ya ɗauki Baba aiki kuma bizar Baba a hannunsa take, ga shi ba lafiya, 'ya'yansa kuwa dalili kawai suke jira su rabu da gidan. Na ɗauko guduma na bi sauran ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Na faɗa masa gaskiya: "Baba, wannan mai gyaruwa ne. A fasa, a kankare tsatsar, a ƙara rodi, a naɗe shi da sabon kankare. Aikin sati uku ne, bai fi ba." Ya sauke ajiyar zuciya ya ce zai jira dattijon ya ji sauƙi ya gaya masa da kansa. Sannan ya ce, "Amana ce fa, ɗana." Na ce, "Baba, ko matata ba za ta ji ba." Ya yi dariya har da tari, don lokacin ko budurwa ba ni da ita.

Bara na samu aiki a wani babban kamfani. Ban yi sati biyu ba na gane aikin da aka ɗauke mu mu yi: duba tsofaffin gidajen wannan layin na bakin ruwa, don za a sabunta unguwar. Na ga zanen a kwamfuta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau. Doguwar hanyar shaƙatawa a gefen ruwa, shagunan kofi, otal-otal sababbi da aka yi wa kwalliyar tsufa, fitilu irin na da. An zana mutane a ciki suna gudun motsa jiki, wata tana jan ɗan kare. Na ƙura ido ina neman ko mutum ɗaya mai tura amalanke da kwalaye, ban gani ba. Jeri biyu aka yi, gidajen da za a gyara a bar wa masu su, da waɗanda za a rushe. Gidan koriyar ƙofa yana cikin na gyara, don daga waje ba a ga abin da zai sa a kayar da shi ba. Na ji daɗi, don in an gyara, mai gadi yana nan a ƙofarsa. Sai dai ogana kullum in ya zo kan taswirar sai ya ɗora biro a kan gidan ya yi tsaki, saboda daidai inda hanyar za ta buɗe ta fuskanci ruwa ya tsaya. Wata rana ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da za a samu dalili a kan wannan, da khalas," wato da an gama.

Ku lura, bai umarce ni ba. Ba wanda ya umarce ni. Da an tilasta min da na samu wanda zan ɗora wa. Ina cikin watannin gwaji, ban daɗe da kawo matata ba, ga wani abokin aiki da aka ɗauke mu tare kullum shi ake yabo a taro, ni kuwa ko sunana oga bai iya faɗa daidai ba. So nake a gan ni, shi ke nan. Wane irin mutum ne yake jin an ce "dalili", sai gwangwanin madara ya faɗo masa a rai?

Ranar dubawa muka je mu huɗu da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli. Baba ya gan ni a cikinsu, bakinsa har kunne. Ya dinga tare mutane yana cewa, "Kun gan shi? Ɗana ne, a ɗakina ya zauna!" Ya aika aka kawo mana shayi, ya ƙi karɓar ko sisi. Ga abin da ya fi ci min rai har yau: ni na ce masa, "Baba, taimaka ka hau ka buɗe wa waɗannan biyun ƙofar rufi." Hawa biyar, ba lifta, tsoho mai ciwon gwiwa. Ya ce, "An gama, Injiniya," ya kama ƙarfen matattakala yana hawa da ƙyar. Ina jin takunsa ya yi nisa na miƙa hannu saman akwatin mita na ciro makullin. Na ce wa oga, kamar yanzu abin ya zo min, "Bari mu leƙa nan." Na yi ɗan zagaye na ƙarya, na taɓa bango, na duba tanki, sannan na tsaya gaban ginshiƙin na ba shi guduma ɗaya. Simintin Baba ya zubo gaba ɗaya. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Mashallah, habibi, idonka ya fi na'ura!" Habibi a bakinsu kamar "abokina" ne. Ranar ya kira sunana daidai. Kuma tunda na ce gaskiya zan faɗa, na ji daɗi. Kaina ya kumbura har muka koma ofis.

Na san wani zai ce ai rayuka ka ceta, gini mai ruɓaɓɓen ginshiƙi ba abin ɓoyewa ba ne. Ni ma da wannan na yi ta lallashin kaina. To in don rayuka ne, ina nake shekara huɗu da na sani ina hawa rufin ina cin nama? Me ya hana ni matsa wa Baba a gyara tun lokacin? Kuma da a nan na tsaya da da sauƙi. A rahoton da na rubuta, cewa na yi alamu sun nuna lalacewar ta shafi dukkan ginshiƙan ƙasa, gyara ba shi ne mafita ba. Ban gwada sauran ba ranar, da gangan, don na san amsar da za su ba ni. Na sa hannu, oga ya sa nasa. Cikin sati ɗaya gidan ya tashi daga jerin gyara ya koma na rushewa, ni kuma aka tabbatar min da aiki. Matata ta yi min dambun nama don murna, na ci.

Da aka liƙa takardar tashi a koriyar ƙofar, Juma'ar da ta biyo baya ba wanda ya ci abincin kirki. Alhaji Mudi, ɗaya daga cikin masu kagon ƙasa, shekararsa sha takwas a shagon, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Duk wanda ya rubuta takardar da ta raba mu da wurin nan, Allah ya raba shi da inda yake jin daɗi!" Aka amsa da amin. Ni ma na ce amin, da ƙarfi ma, don kada a ji shiruna. Baba ya raba nama, ya sa min nawa. Da za mu sauka ya tsayar da ni a matattakala ya ce, "Kada ka sa damuwa. Na san ka so ka kau da su daga ɗakin famfon nan, amma sabo ne kai a wurin, ba ka da murya." Shi da kansa ya ɗinka min uzuri ya miƙo min, ni kuma na gyaɗa kai na karɓa.

Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce mutanen gida sun yanke shawarar a rubuta wa kamfanin takardar roƙo, kuma ba wanda ya iya irin Turancinsu sai ni. Ta yaya zan ce a'a? Na zauna a kan katifar nan tasa, shi yana faɗa da Hausa ina juyawa. Ya ce in rubuta cewa ginshiƙi ɗaya ne, mai gyaruwa ne, wani injiniya ya taɓa tabbatar masa. Na ce, "Baba, a sa sunan injiniyan?" Ya ce, "A'a, kada a ja maka matsala a wurin aiki." Na rubuta takarda mai kyau, wallahi ban taɓa rubuta wadda ta kai ta ba, mutum talatin da wani abu suka sa hannu, wasu da dangwale. Ranar Litinin ina zaune a ofis oga ya ajiye min ita a kan tebur ya ce, "Kai ka san ginin nan, rubuta musu amsa. Gajera, cikin ladabi." Na zauna ina kallon jimlolina. Sannan na rubuta cewa kamfani ya fahimci damuwarsu, amma binciken ƙwararru ya nuna babu wata hanya. Da amsar ta isa hannun Baba, wa kuke tsammani ya kira ya karanta masa ya fassara?

Na karanta masa a bakin ƙofa da la'asar, muryata tana rawa, shi yana zaton tausayi ne. Da na gama ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya daɗe yana kallon ruwa, inda tuni aka kori jiragen katako daga gefenmu aka kafa shingen kwano mai hoton sabuwar unguwar. Sai ya ce, "Ka san abin da na yi ta tunani? Mu uku muka san ginshiƙin nan da inda makulli yake. Ni, da kai, da Allah. Ni ban faɗa ba. Kai kuwa ɗana ne. To ka ga daga Allah ne, sai haƙuri." Yana faɗa yana kallon cikin idona, ba fushi, ba murmushi. Har yau ban sani ba, bai gane ba ne, ko ya gane ne yake rufa min asiri a gaban kaina? Wannan tambayar ta hana ni sakat. In ina sallah ita ce, in ina tuƙi ita ce.

Yanzu komai ya riga ya lalace. Dattijon mai gidan ya rasu, 'ya'yansa sun sa hannu sun miƙa gidan, sun kuma gaya wa Baba za a soke bizarsa. Wa zai ɗauki mai shekarunsa sabon aiki a garin nan? Na yi yawo a unguwar masana'antu ta Al Quoz, na shiga rumbunan ajiya da gareji ina tambaya ko ana son mai gadi, da sun ji shekarunsa sai su ce inshallah, kuma kun san me wannan inshallah take nufi. Kumasi zai koma, inda matarsa ta rasu shi yana nan Dubai, 'ya'yansa kuma sun girma a waya. Ya taɓa ce min ya fi sanin lokacin da ruwan Deira yake cika da janyewa fiye da hanyar gidansu. Mutanen gidan sun fara watsewa, wasu sun yi Sharja, wasu sun cusa kansu ɗakunan 'yan'uwa, tela ya sayar da kekensa. A kusurwar layin, inda mai tayoyi yake da, an riga an buɗe shagon kofi mai gilashi. Abokan aikina sun ja ni can ran nan, na zauna na ba taga baya don kada Baba ya hango ni daga ƙofarsa.

Kada ku ce ban gwada ba. Na shiga wurin oga na ce ina ganin ya kamata a sake gwada sauran ginshiƙan. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Khalas, habibi, an rufe wannan fayil. Ko kana da shakka a kan sa hannunka ne?" Na ce a'a, na fito kamar an watsa min ruwan sanyi. In na tona cewa na yi ƙari a rahoton, aikina ya tafi, bizata da ta matata sun tafi, ga ta da ciki wata bakwai, ba ta kuma san komai ba. Kuma ko na yi hakan gidan ba zai tsira ba, an riga an sayar, motocin rusau suna layin baya suna aiki. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga inda zan taɓa ya gyaru ba. Na kai masa kuɗi a ambulan, ya mayar min ya ce in ajiye wa mai zuwa. Ko wannan 'yar hanyar ta rage nauyi ya toshe ta.

Jiya na je taya shi ɗaure kaya. Duk abin da ya tara a shekarun nan bai cika akwati biyu ba. Ya ce Juma'ar nan ita ce ta ƙarshe a rufin, duk waɗanda suka watse sun yi alkawarin zuwa, Asabar da safe kuma ni yake so in kai shi filin jirgi. Sai ya buɗe wani tsumma ya ciro wuƙar nan mai ƙotar katako ya ɗora min a tafin hannu. Ya ce, "Ranar Juma'a kai za ka raba nama, a gabana, kowa ya gani. Duk inda suka samu wurin haɗuwa bayan na tafi, kai ne mai rabo. Ba a ba mutum wuƙar nan don ya fi kowa ilimi, sai don an yarda ba zai ci amana ba." Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba."

Wuƙar tana cikin motata yanzu, na kasa shiga da ita gida. In na gaya masa, na sauke nawa nauyin na ɗora wa tsohon da aka riga aka raba da ɗakinsa da ƙofarsa, ya hau jirgi da sanin cewa yaron da ya bar wa katifa ne ya tura shi hawa biyar don ya saci makullinsa. In na yi shiru, zan tsaya gaban mutanen da na watsa, Alhaji Mudi yana miƙo min kwanonsa, in raba musu nama da sunan mai amana, kuma Baba ya tafi ban nemi yafiyarsa ba, ban kuma san ko zan sake ganinsa a duniya ba. In kuwa ya riga ya sani, to wuƙar nan dama ce ta ƙarshe ya ba ni in buɗe baki, ni kuma na ce masa na gode.

Kwana uku suka rage. Don girman Allah, 'yan'uwa, me zan yi?